Jitar bas mai araha: wace ce ta cancanci kuɗin da ake biya?

Duk wanda ya tashi sayen jitar bas ta lantarki da ɗan kuɗin da bai taka kara ya karya ba, tambayar da ya fi yi ita ce wace ce ta fi daɗin sauti, alhali kuwa wannan ita ce tambayar da ta fi kowace rashin amfani a wannan mataki. Sautin bas yana canzawa idan aka canza tsirkiya, yana canzawa idan aka canza amfilifaya, yana kuma canzawa ƙwarai idan hannun da ke kaɗawa ya ƙware. Abin da ba ya canzawa cikin sauƙi shi ne wuyan jitar da ƙarafunan firet da aka dasa a kansa, waɗanda ake danna tsirkiya a kansu don sauya sauti, sai kuma nauyinta a kafaɗa. A kan waɗannan na dogara wajen kwatanta jitocin da suka fi yawo a hannun masu koyo, wato na Squier da Yamaha da Ibanez da Sterling da Harley Benton, da kuma na Sire wanda ke ɗan sama da su a tsada.

Kusan dukkansu zuriyar jitoci uku ne da Leo Fender, Ba'amurken da ya kafa kamfanin Fender, ya sa hannu wajen ƙera su. Ta farko ita ce Precision Bass da ta fito a 1951, wadda a 1957 aka ba ta maɗaukin sauti (na'urar maganaɗisu da ke ƙarƙashin tsirkiya tana miƙa kaɗawarta ga amfilifaya) mai rabi biyu da aka san ta da shi har yau. Ta biyu ita ce Jazz Bass ta 1960, mai siririn wuya da maɗaukai biyu. Ta uku ita ce StingRay ta kamfanin Music Man da ta fito a 1976, wadda tana cikin jitocin bas na farko da aka ƙera da yawa ɗauke da da'irar ƙara sauti mai amfani da batir. Tsawon tsirkiyar da Fender ya zaɓa, inci 34 ko kuma milimita 864, shi ne ya zama ma'auni ga kowa. Wanda ya gane waɗannan uku ya gane kasuwar, domin sauran bambance-bambancen galibi na fenti ne da siffar kai.

Akwai kuma wani abu da tambarin da ke jikin jita ba ya faɗa. Yawancin jitoci masu araha ana ƙera su ne a masana'antun Indonesiya da Sin, kuma masana'anta ɗaya takan yi wa kamfanoni da dama aiki, kamar yadda kamfanin Cor-Tek na Koriya ta Kudu, mai tambarin Cort, ya daɗe yana ƙera wa wasu manyan sunaye jitoci. Injunan sassaƙa masu aiki da kwamfuta suna yanke katako daidai wa daida, shi ya sa da wuya yanzu a ga jita mai araha wadda gurbin wuyanta ya karkace ko aka dasa firet ɗinta a inda bai dace ba. Inda ake rage kuɗi shi ne aikin hannu na ƙarshe: goge bakin firet, daidaita tsayinsu, yanke ramukan da tsirkiya ke kwanciya a kusa da kai, da kuma mintunan da ma'aikaci zai ɗauka yana duba kowace jita kafin a sa ta a kwali. Saboda haka jita biyu masu suna ɗaya da lamba ɗaya za su iya bambanta a hannu, kuma duk hukuncin da zan yanke a nan hukunci ne kan ƙira da abin da aka saba gani, ba rantsuwa ba ce kan kowace ɗaya da ke cikin kwali.

Squier, wanda kamfanin Fender ya fara amfani da shi a matsayin tambarin jitocinsa masu sauƙin kuɗi a 1982, yana da matakai. A ƙasa akwai Sonic, sai Affinity, sai Classic Vibe a sama. Affinity Precision mai maɗaukai iri biyu, wato na Precision a tsakiya da na Jazz a kusa da jaki (ƙarfen da tsirkiya ke hawa a kan gangar jikin jita), ita ce wadda mutane da yawa suke farawa da ita, kuma dalilin a fili yake. Siffarta ita ce siffar da kowane mai gyaran jita ya sani, kayan canjinta suna ko'ina, kuma maɗaukin tsakiyar yana ba da wannan kakkauran sauti da ke zama a ƙarƙashin waƙa ba tare da ya yi gardama da kowa ba. Ba ta da batir, don haka ba ta da abin da zai mutu a tsakiyar wasa. Firet ɗinta 20 ne, adadin da ya ishi mai koyo har ya daɗe. Rauninta yana cikin ƙananan ƙarafa: kunnuwan ɗaure tsirkiya da jaki na matsakaicin inganci ne, suna yin aikinsu amma ba su da santsin na manyan jitoci. Ga wanda yake tunanin wata rana zai sayar ya sayi babba, sunan Squier yana riƙe daraja a kasuwar kayan hannu fiye da yawancin abokan gasarsa, kuma wannan ma wani ɓangare ne na ƙimar kaya da ba a cika lissafawa ba.

Classic Vibe wani zance ne daban. Maɗaukanta suna amfani da maganaɗisun alniko irin na tsofaffin jitocin Fender, maimakon na yumɓu da ake sa wa masu araha, kuma aikin firet ɗinta yakan fi tsafta. Ita ce jitar da mutum zai iya hawa dandali da ita ko ya shiga ɗakin naɗar sauti ba tare da jin kunya ba. Abin da wasu ke ƙi a gare ta shi ne fenti mai sheƙi da ke bayan wuya, wanda yakan riƙe tafin hannu idan gumi ya zo. Ni ban ɗauki wannan babban aibi ba, tunda ana iya dusashe shi da laushin abin goge-goge cikin 'yan mintuna, sai dai wanda ya yi haka ya san ya rage mata farashi a idon mai saye na gaba.

Yamaha TRBX174 ita ce wadda na fi yawan nuna wa mai farawa, ko da yake ba ita ce ta fi kyau a ido ba kuma ba ita ce ta fi ƙarfin sauti ba. Dalilina ɗaya ne, wato daidaito. Kamfanin da ya faro a 1887 da gyara da ƙera kayan kiɗa, wanda tambarinsa ma ƙarafunan gwada sauti uku ne a harɗe, ya yi suna wajen fitar da kaya masu araha waɗanda ba sa bambanta sosai tsakanin ɗaya da ɗaya. Wannan yana da muhimmanci ga wanda zai saya ta intanet ba tare da ya taɓa ta ba, ko wanda bai riga ya san yadda ake gane wuya mai kyau ba. Tana da maɗaukai iri biyu kamar Affinity, ba ta da batir, tana da maɓallan ƙarfin sauti biyu da na launin sauti ɗaya, kuma firet ɗinta 24 ne. Gangar jikinta an sassaƙa ta yadda take kwanciya a jikin mutum, kuma tana zama daidai a maratayi. Sautinta ba shi da wani hali na musamman da zai sa a waiwayo, kuma masu son tsohuwar siffar Fender sukan ce ba ta da kwarjini. Gaskiya ne. Amma mai koyo ba kwarjini yake buƙata ba a shekararsa ta farko, yana buƙatar jitar da idan sauti ya fita ba daidai ba zai tabbata laifin yatsunsa ne, don ya san abin da zai gyara. Yayarta, TRBX304, tana da maɗaukai masu naɗi biyu da da'ira mai batir da wani makunni mai matsayi biyar da ke sauya yanayin sauti, kuma tana da kyau, sai dai ta riga ta shiga rukunin da Classic Vibe da Sire suke, inda gasar ta fi zafi.

Ibanez, na kamfanin Hoshino Gakki da ke Nagoya a Japan, ya gina sunansa a fagen bas ne a kan jerin Soundgear da ya fara a 1987: ƙaramar gangar jiki, siririn wuya, da rashin nauyi. GSR200 tana cikin ƙananan 'ya'yan gidan, kuma babbar hujjarta ita ce sauƙin ɗauka. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Jitar bas ta yau da kullum takan kai kilo 4 ko fiye, kuma bambancin rabin kilo da ba a ji a minti biyar na gwaji yana bayyana a kafaɗa bayan awa biyu a tsaye. Ga yaro mai tasowa, ko mai ƙaramin hannu, ko wanda ya taso daga jita mai tsirkiya shida, wuyan Ibanez yana sa komai ya zo kusa. Abin da ban so a ƙirarta shi ne da'irar ƙara kauri da suke kira Phat II. Tana aiki da batir mai bolt 9, abin da take yi kawai shi ne ƙara kaurin sauti, kuma mai koyo yakan murɗa ta har ƙarshe saboda yana jin daɗin rugugin, sai sautin ya zama laka, ƙaramar amfilifayar gwaji kuma ta fara kakari. Sannan babu hanyar kewaye da'irar, don haka idan batir ya yi rauni sauti ya lalace ke nan har sai an canza. Wanda zai iya ƙara kuɗi ya ɗauki SR300E ya fi samun riba, domin a can da'irar tana da iko a kan kauri da tsakiya da kaifi, wato batir ɗin yana biyan kuɗin zamansa.

A nan ya kamata a faɗi wani abu da masu sayen jita mai batir suke koya a makare. A irin waɗannan jitoci, sa wayar amfilifaya a ramin jita shi ne ke kunna da'irar. Wanda ya bar waya a jiki ya tafi ya kwanta, batir yana ci har gari ya waye ko da amfilifayar a kashe take.

Sterling by Music Man Ray4 ita ce mai hali a cikinsu. Maɗauki ɗaya ne babba mai naɗi biyu a kusa da jaki, da da'ira mai batir mai sarrafa kauri da kaifi, da kai mai kunnuwa uku a gefe ɗaya da guda a ɗaya gefen, kamar uwarta StingRay. Sautinta yana da cizo, yana huda ganga da jita ya fito fili, kuma ga mai son salon mari da babban yatsa babu wadda ta kama ƙafarta a wannan rukuni. An san ta da fitar da sigina mai ƙarfi, har takan cika bakin ƙananan amfilifayoyi idan ba a rage maɓalli ba, kuma ita ma ba ta aiki babu batir. Magana ta gaskiya ita ce sauti ɗaya take da shi, sai dai sautin mai kyau ne. Wanda ya ji shi ya so shi ba zai sami irinsa a wajen Yamaha ko Squier ba, wanda kuwa yake neman laushi da zurfi zai yi ta kokawa da ita a banza.

Harley Benton tambarin kamfanin Thomann ne na Jamus, kuma saboda kamfanin da kansa yake sayarwa babu dillali a tsakani, yakan ba da kayan da a takarda suka fi kuɗinsu nesa ba kusa ba. JB-75 da PB-50 sun yi suna saboda haka. Abu biyu ne mai saye zai sa a ransa. Na farko, wasu samfuran, musamman masu gangar jikin katakon ash, suna da nauyi sosai, kuma ba a san nauyin wadda za ta zo ba sai ta zo. Na biyu, arahar tana nufin mai saye ne zai ƙarasa aikin da masana'anta ta taƙaita, ko da hannunsa ko da kuɗinsa. Ga wanda ya iya saiti, wato daidaita wuya da tsayin tsirkiya, ko yake son jitar da zai koyi gyara a kanta ba tare da fargaba ba, wannan ciniki ne mai kyau. Ga wanda bai taɓa riƙe bas ba kuma ba shi da wanda zai duba masa, arahar tana iya zama tsada.

Sire, wanda ya shigo kasuwa da haɗin gwiwar fitaccen makaɗin bas Marcus Miller, ya ɗaga abin da ake tsammani daga jita mai matsakaicin kuɗi. V3 tana bin ƙirar Jazz Bass, amma tana da da'ira mai batir biyu, wato bolt 18, da makunnin da ke ba mutum damar kashe da'irar ya yi kiɗa babu batir, abin da GSR200 da Ray4 suka rasa. Abin da ya fi burge ni ba da'irar ba ce, gefen allon yatsunta ne da aka goge ya yi laushi, irin aikin da a da sai a jitoci masu tsada ake samu, kuma hannu yana jin bambancin nan take. Maɓallanta sun yi yawa ga mai farawa, kuma ba ta cikin marasa nauyi. Duk da haka, idan aka ce in zaɓi guda ɗaya da mutum zai riƙe shekara goma ba tare da ya ji ta yi masa kaɗan ba, tsakanin V3 da Classic Vibe zan tsaya, kuma abin da zai raba su shi ne ko mutum yana son sauƙi ko yana son yawan zaɓi.

Duk wannan kwatanci yana iya rushewa saboda abu ɗaya, wato saiti. A cikin wuyan kowace jitar bas akwai sandar ƙarfe da ake ɗaurewa ko sassautawa don ta yi tsayayya da jan tsirkiyoyi, waɗanda a haɗe suke ja da ƙarfin kilo da dama. Idan sandar ta yi sako-sako wuya yana lanƙwasa kamar baka, tsirkiya ta yi nisa da allo, yatsu su sha wahala. Idan ta yi tsauri tsirkiya tana gogar firet tana zizza. Ana son ɗan lanƙwasa kaɗan, kusan kashi ɗaya cikin uku na milimita a tsakiyar wuya, sannan tazarar tsirkiya mafi kauri daga firet na 12 ta kasance tsakanin milimita 2 zuwa 2.5, daga nan a daidaita jaki yadda sautin firet na 12 zai yi daidai da na tsirkiyar idan ba a danna ta ba. Jita mai araha da aka yi wa wannan aiki ta fi mai tsada da ba a yi wa ba daɗin kaɗawa, kuma mutane da yawa da suka ce wata jita ba ta da kyau, a gaskiya saitinta suke zagi. Na taɓa karɓar wata sabuwa daga kwali, ba zan ambaci kamfanin ba, wadda tsirkiyarta ta yi tsayin da ɗan yatsa ke shiga ƙarƙashinta, ga bakin firet yana yankar hannu saboda katakon ya bushe ya tsuke a hanya. Aikin awa ɗaya da makulli da ƙaramar zarto ya mayar da ita jitar da na yi shekaru ina amfani da ita. Da a hannun ɗan koyo ta faɗa, da ya ajiye ta a lungu ya ce bas ba nasa ba ne. Saboda haka kuɗin saiti da na sabuwar tsirkiya wani ɓangare ne na farashin jita, kuma wanda bai ware su ba bai gama lissafi ba.

Akwai abubuwan da ba su cancanci damuwar da ake yi a kansu ba. Nau'in katakon gangar jiki yana shafar nauyi fiye da yadda yake shafar abin da kunne ke ji ta amfilifaya. Katakon allon yatsu ma haka: tun da aka tsaurara dokar cinikin katakon rozwud a 2017, kamfanoni suka koma ga laurel da jatoba da makamantansu a jitoci masu araha, kuma ko da aka sassauta dokar ga kayan kiɗa a 2019 da yawa ba su koma ba, kiɗa kuwa bai lalace ba. Ƙugin da maɗaukin Jazz ke yi idan an buɗe shi shi kaɗai ba lalacewa ba ce, halin maɗauki mai naɗi ɗaya ne da ke kwaso ƙugin wutar lantarki, kuma a Jazz Bass yakan ɓace idan an buɗe maɗaukan biyu daidai da juna. A jitoci masu maɗaukai iri biyu kuwa, kamar Affinity da TRBX174 da GSR200, maɗaukin tsakiya shi kaɗai ne marar ƙugi, don haka a ɗaki mai yawan wayoyi gara a dogara da shi.

Masu ƙaramin jiki su duba gajerun jitoci, kamar Squier Bronco mai inci 30 ko Ibanez Mikro mai inci 28.6, kuma kada su ɗauke su kayan wasan yara, tunda Paul McCartney na ƙungiyar Beatles da gajeriyar jitar kamfanin Höfner ya yi suna. Tsirkiyarsu ta fi laushi, sautinsu ya fi zagaye, sai dai zaɓin tsirkiyar da ta dace da su ya fi ƙaranci. Masu sha'awar siffar Thunderbird ta kamfanin Gibson kuma su gwada ta a tsaye da maratayi kafin su biya, domin ƙirarta tana sa kai ya riƙa rinjaya ƙasa, hannun hagu ya koma riƙon wuya maimakon kiɗa.

Batun tsirkiya biyar shi ne inda nake ba da shawarar haƙuri. Tsirkiya mafi kauri a jita mai huɗu tana kaɗawa kusan sau 41 a sakan, ta biyar ɗin da ake ƙarawa kuwa tana sauka zuwa kusan sau 31, kuma a nan ne araha ke tona asirin kanta. Wannan tsirkiya tana buƙatar wuya mai tauri da maɗauki mai tsafta da amfilifaya mai babbar lasifika, in ba haka ba sai ta yi lakwas, a ji rugugi ba a gane sautin ba. Tana kuma ƙara wa mai koyo aikin danne tsirkiyoyin da ba ya kaɗawa don kada su yi amo. Idan kiɗan da mutum zai yi yana buƙatarta tun daga farko, to ya tsallake matakin ƙasa gaba ɗaya ya fara daga SR305E ko TRBX305 ko V3 mai biyar, kuma a wajen gwaji ya danna tsirkiyar ta biyar a firet na ɗaya zuwa na biyar, ɗaya bayan ɗaya, ya saurara ko kowane sauti ya fito da sunansa.